Ruwan Da Ya Sauka A Gonarki, Naki Ne Ke Kaɗai?

   

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a wannan fitowa, wata tambaya ce da aka yi mini a ajin matan aure da nake koyarwa da yamma. Muna cikin babin tsarki, muna lissafa ire-iren ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, na ambaci ruwan sama, sai wata baiwar Allah wadda ta girme ni nesa ba kusa ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa tambayata ba ta alwala ba ce. Shi ruwan saman nan, in ya sauka a gonar mutum, nasa ne? In ya tare shi ya hana shi gangarawa gonar maƙwabci, ya ci haƙƙi ko bai ci ba?" Aji ya ɗauki dariya, amma na lura ita ko murmushi ba ta yi ba.

Bayan an tashi ta tsaya ta ba ni labari. Maigidanta da ƙanensa sun gaji gona a ƙauyensu, aka raba. Rabon maigidan nata ya faɗa ta tudu, inda ƙasa ta zama fako, na ƙanen kuma ta gangare. Shekara da shekaru in an yi ruwa sai ya wanke gonar yayan ya tafi ta ƙanen. Dawar ƙanen ta yi kyau, shi kuwa yayan da ƙyar yake mayar da irin da ya zuba. Da abin ya ishe shi sai ya sayar da tumakinsa, ya ɗauki 'yan ƙwadago suka tayar masa da doguwar ganuwa ta ƙasa, tsayinta ya kai ƙugun mutum, a daidai iyakar gonakin biyu. A wannan damina ko ɗigo bai tsallaka ba, dawar ƙanen ta bushe tun ba ta fid da kai ba. Da wata daminar ta zagayo, aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin watan Agusta, ganuwar ta ɓalle da tsakar dare, ruwan da aka tara ya kwashe shukar ƙanen, ya bar masa kwazazzabo a tsakiyar gona. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su, 'ya'yansu ma an hana su shiga gidan juna. Yayan yana cewa ruwa a gonarsa Allah Ya saukar, ba na wani ya ɗebo ba. Ƙanen yana cewa tun mahaifinsu na da rai hanyar ruwan ke nan.

Kin ga, 'yar'uwa, tambayar ba ta dariya ba ce. Kada kuma ki ce ai ke a birni kike, ba ki da gona. Geron da kike dama wa yara kunu da shi daga irin wannan gona ya fito, kuma indararon ɗakinki ma yana zubar da ruwa a wani wuri, ko dai a randarki ko a gindin katangar maƙwabta.

Dukiyar Da Ke Wucewa Ta Ƙofarmu

Kafin mu je ga wa ke da gaskiya, bari mu fara sanin yawan abin da ake magana a kai. Masu auna ruwan sama da milimita suke lissafi. Milimita 1 in ta sauka a fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan ta ruwa. A yankinmu, daga Sakkwato da Katsina zuwa Maraɗi da Tawa, abin da ke sauka a shekara yana kamawa daga milimita 300 da wani abu zuwa wajen 700, gwargwadon wuri da shekara. Mu ɗauki 500 mu yi lissafi da ita. Gona mai kadada 1 ta sami lita miliyan 5 ke nan a damina guda, wato cikin jarka 200,000 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turowa a baro. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 kuwa ya sami jarka 1,000. Ki tuna nawa kika sayi jarka guda a watan Afrilun da ya wuce.

To, ina wannan ruwa yake tafiya? Duk a cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, sau da yawa kuma a 'yan ranaku ƙalilan da ƙarfin gaske. In ƙasa tsirara take, ba ciyawa ba kara ba itace, ɗigon ruwa yana dukanta har fuskarta ta yi ɓawo mai tauri, ƙofofin da take shan ruwa ta cikinsu su toshe. Wannan shi ne fako. Ruwa in ya sauka a kansa sai ya zarce kamar an zuba a faranti, ya tafi da 'yar ƙasa mai kyau da ta rage, ya je ya ci gonar wani ko ya rushe katangar wani. Bayan kwana uku ki tona wurin, za ki tarar da shi a bushe. Don haka sau da yawa shukar da muke cewa fari ya kashe, an yi mata ruwan, tsayawa ne bai yi ba.

Abin kuma ƙaruwa yake yi. Bayan munanan fari na 1973 da 1984, damina ta ɗan farfaɗo a yankin Sahel, amma da wata sabuwar ɗabi'a. Wani bincike da masana suka fitar a 2017, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manya-manyan hadari masu zubar da ruwa mai ƙarfi sun ninka sau uku a yankin tun daga 1982. Mun kuma gani da idonmu a 2024, lokacin da ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan 1 a Nijar, kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri cikin watan Satumba. Ruwa ya yi yawa a rana guda, sannan a yi mako biyu ko uku ana kallon sama.

Ramin Da Ke Ciyar Da Gida

Magabata ba su naɗe hannu suna kallon wannan asara ba. A ƙasar Adar da ke jihar Tawa akwai tsohuwar dabara da ake kira tassa, Mosawan Burkina Faso kuma suna ce mata zayi. Da rani ake tona ƙananan ramuka a kan fako, kowanne kamar faɗin tasar tuwo, wajen santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kuma 10 zuwa 15, tsakanin rami da rami kamar taku guda. Ƙasar da aka tono sai a tara ta a gefen gangare, ta zama ɗan shinge. A zuba takin gida cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Iska ta kawo ganye da ƙura ta ƙara. Gara, wadda muka sani da ɓarna, a nan ma'aikaciya ce: tana zuwa cin takin, ta huda ƙananan hanyoyi a ƙasa, ruwa ya bi su ya nutsa. In ruwan farko ya sauka, kowane rami ya kama rabonsa, sai a shuka gero ko dawa a ciki. Ruwa da taki suna nan a gindin shuka, don haka tana iya jure tsaikon ruwa na kwanaki da yawa.

Akwai kuma rabin-wata, wato babban rami marar zurfi mai siffar jinjirin wata, bakinsa yana fuskantar tudu don ya tari ruwan da ke gangarowa. Akwai jerin duwatsu da ake shimfiɗawa a gicciye da gangare, tsayinsu bai wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Duwatsun ba sa hana ruwa wucewa. Suna rage masa gudu ne, ya ajiye ƙasar da ya ɗauko, wani ya nutsa, sauran ya bi ta tsakaninsu ya wuce a hankali.

Wanda ya fi shahara da farfaɗo da wannan aiki shi ne Yakuba Sawadogo, manomi daga ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya a yankin Yatenga na Burkina Faso. Wajejen 1980, lokacin da jama'a ke gudun yunwa suna barin ƙauyuka, shi sai ya koma kan fako yana tona ramuka, ya ƙara musu girma, ya riƙa zuba taki, har da irin itatuwa. Da farko mahaukaci aka ɗauke shi. Daga baya wurin ya zama kurmi, aka riƙa zuwa daga ƙasashe ana koyo a wurinsa, har aka ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin a 2018. Ya rasu a watan Disamba na 2023. A 1989 wasu manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa suka ziyarci Yatenga, suka ga abin da idonsu, suka dawo suka gyara tasu tassar. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, sai ga shi masu tassa ne suka sami abin kai wa rumbu. Daga nan ba a sake buƙatar mai wa'azi ba, maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci, har aka farfaɗo da dubban kadada na fakon da aka riga aka fid da rai da shi.

Wata za ta ce, "Malama, ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama. In Allah Ya nufa za a samu, ko ba rami za a samu." Gaskiya ne rabo na Allah ne. Amma ki duba yadda muke yi: ruwa ya ɗauke, a fita roƙon ruwa da tsofaffi da yara, a yi sadaka, a yi kuka. Allah cikin rahamarSa Ya saukar, sai mu tsaya a bakin ƙofa muna kallonsa yana bin kwata. Kamar ki gayyato baƙo ne da magiya, ya iso ki rasa tabarmar da za ki shimfiɗa masa. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fi mu tawakkali nesa, amma shawarar da ya bai wa mutanen Masar ita ce a yi tanadi a shekarun wadata saboda shekarun ƙunci. Saboda haka a nan yayan nan bai yi laifi ba da ya ƙi barin gonarsa ta mutu. Barin ni'ima ta salwanta alhali da halin tare ta sakaci ne, kuma za a tambaye mu a kai.

Ma'aunin Idon Sawu

To, ina laifinsa yake? Wannan rigima ba a kan wa da ƙanin nan aka fara ta ba. Madina ma gari ne na manoma masu dogaro da ruwan da ke gangarowa daga duwatsu bayan an yi ruwan sama. Bukhari da Muslim sun kawo labarin saɓanin da ya faru tsakanin Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya ƙara masa yarda, da wani mutumin Madina a kan irin wannan magudana da suke shayar da dabino da ita. Gonar Zubairu ce a sama. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya fara umartar Zubairu da ya shayar da tasa, sannan ya sakar wa maƙwabcinsa ruwan. Mutumin bai gamsu ba, har ya yi zargin an fifita Zubairu saboda dangantaka. Daga nan sai aka bai wa Zubairu cikakken haƙƙinsa, wato ya riƙe ruwan har ya kai bakin kunyoyin gonar kafin ya saki. Da malamai suka auna wannan, sai suka ga ya yi daidai da idon sawu. Imamu Malik ma a Muwaɗɗa ya kawo irin wannan hukunci a kan wasu magudanan ruwa biyu na Madina, Mahzur da Muzainib.

Ki tsaya ki dubi wannan hukunci da kyau, 'yar'uwa, domin ya amsa tambayar ta fuska biyu. Na sama yana da haƙƙin ya fara sha, ba a ce masa ya bar gonarsa da ƙishirwa don ta ƙasa ta rayu ba. Amma haƙƙin nasa yana da iyaka, in ya kai iyakar dole ya saki. Abin da aka ba shi shi ne fifikon biyan buƙata. Mallakar ruwan gaba ɗaya ba a bai wa kowa ba. Sannan akwai mataki biyu a cikin labarin: umarnin farko sulhu ne da kyautatawa, a sha kaɗan a saki da wuri, na biyun kuma shi ne iyakar abin da shari'a ta ba shi. Malamai irin su Mawardi sun yi bayanin cewa gwargwadon abin da za a riƙe yana sauyawa da irin ƙasa, da irin shuka, da lokacin shekara. Abin da ba ya sauyawa shi ne a riƙe gwargwadon buƙata, a saki saura.

Me ya sa ruwa ya bambanta da akuyar da kika saya da kuɗinki? Domin ba wanda ya ƙaga shi, kuma ba wanda ke rayuwa ba tare da shi ba. Girgije bai san iyakar gona ba. Ruwan da ya sauka a gonar yayan ma, wani sashensa daga tudun da ke samansa ya gangaro, ba wanda ya tare masa. Shi ma na ƙasa ne ga wani. Duk wanda ya ce abin da ya biyo ta gonarsa nasa ne shi kaɗai, to ya bai wa na sama da shi hujjar da zai yanke shi da ita. Abin da mutum ya mallaka shi ne wahalarsa, da abin da ya ɗiba ya zuba a mazubinsa. Ruwan randarki naki ne, ba mai ɗiba sai da izininki. Ruwan da ke gudu a doron ƙasa kuwa yana da masu jiransa a gaba: gonar maƙwabci, tafkin da dabbobi ke sha, da rijiyar gari.

A nan ne na ƙara ganin hikimar dabarun gargajiya. Ramin tassa ba ya iya yin handama, in ya cika sai ya tumbatsa, saura ya wuce. Jerin duwatsu yana da ƙofofi a jikinsa. Abin da suka riƙe ma ba ɓacewa yake yi ba, wani sashe yana nutsawa ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda kowa ke ja daga rijiya. A ƙauyen Batodi na yankin Illelar nan ta Tawa, bayan an yi shekaru ana farfaɗo da fako, ruwan rijiyoyi ya taso sosai tsakanin 1994 da 2004, har mata suka kafa lambunan rani. Mutum ya tona rami don gidansa, gari duka ya sha. Ganuwar da ta kai ƙugu kuwa ta hana maƙwabci a shekarar ƙaranci, ta kuma halaka shi a shekarar yawa. Cuta biyu ke nan daga aiki guda.

Mu na birni ma kada mu wanke hannunmu. A tsofaffin garuruwa kamar Kano, kududdufin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini shi ne matattarar ruwan unguwa. Yana da illarsa, ga sauro ga haɗarin faɗawar yara, amma yana karɓar ruwan da ba shi da wurin zuwa, yana kuma shayar da rijiyoyin gidaje ta ƙarƙashi. Da yawa an cike su an yi gini a kai, tsakar gidaje an dafe da siminti, kowa ya juya bututunsa waje. Ruwan da aka kora daga ko'ina a ɗakin talakan da ke kwari yake kwana. Ga kuma rijiyar burtsatse da kowane mai hali ke haƙawa. Ruwan da take zuƙowa ai ruwan saman shekarun baya ne da ƙasa ta adana. In kowa na ja ba mai mayarwa, rijiyar maƙwabci marar zurfi ce ke fara ƙafewa. Ta sama aka tare ko ta ƙasa aka zuƙe, tambayar ɗaya ce.

Shin Zai Ɗore A Wannan Zamani?

Ba zan ɓoye miki ba, aikin ba sauƙi gare shi ba. Kadada 1 tana cin rami wajen 10,000 ko fiye, kuma aƙalla awa 300 ne na aiki. In mutum ɗaya ne yana awa 6 a rana, kwana 50 ke nan yana dukan ƙasa mai tauri cikin zafin bazara, a daidai lokacin da samari suka tafi ci-rani. Bayan shekara biyu ko uku ramukan sun cike, sai an sake tonawa. Ba kuma ko'ina dabarar ke aiki ba. A jigawa mai rairayi ramin rufewa yake yi, a inda ruwa ya yi yawa kuma shuka tana iya ruɓewa a ciki. Sai maganar taki: tafin hannu guda sau 10,000 ya kai tan 2 zuwa 3. A da makiyaya kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba da hatsi. Rashin tsaron da ya addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato ya raunana wannan tsohuwar hulɗa, ya kuma hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa.

Amma a ganina babbar barazana ita ce ta rashin adalci. A Illela, da aka ga fako yana iya komawa gona, sai ya yi daraja, aka fara saye da sayar da shi, kuma mun san wanda yunwa ke tilasta wa sayarwa da wanda ke da kuɗin saye. Sau nawa ake ba bazawara ko ƙungiyar mata aron fako saboda ba mai so, su yi shekara uku suna zuba gumi da taki, ranar da ya fara ba da dami sai mai wuri ya ce yana buƙatar abinsa? Wadda aka yi wa haka ba za ta sake tona rami ba, waɗanda suka gani ma haka. Wani fakon kuma makiyaya ce ko burtali, in aka mayar da shi gona ba tare da an zauna da makiyaya ba, an shuka rigima. Don haka ɗorewar wannan aiki ta dogara ne a kan abubuwa uku da ba a sayen su a kasuwa: gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yarjejeniya bayyananniya a gaban shaidu kafin a fara, da kuma yardar na sama da na ƙasa a kan hanyar da ruwa zai bi.

Namu Rabon Aikin

Kada wata ta ce wannan zancen maza ne. Wa ke tashi da asuba neman ruwa in rijiya ta ƙafe? Wa yara ke kallo in rumbu ya yi ƙasa? A aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, shi ma a jihar Tawa, wanda aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, mata ne suka yi mafi yawan aikin, su ne suka ɗauki duwatsu a ka, saboda mazan sun tafi neman abinci. Tun kafin su akwai Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira. Ta kashe dukiya mai yawa wajen gina rijiyoyi da manyan tafkunan dutse masu tara ruwan sama a hanyar alhazai daga Kufa ta Iraƙi zuwa Makka, tafiyar kilomita wajen 1,400. Har yau hanyar da sunanta ake kiranta, kuma wasu tafkunan suna nan ana ganinsu. Ta tara ruwa, amma don masu wucewa.

Ba sai kin kai Zubaida dukiya ba. Awaki da tumaki da kajin da ke yawancin gidajenmu na mata ne, takinsu kuwa shi ne ran tassa. Ki tara shi tare da toka da sharar tsakar gida a rami guda, ki cire leda, ki aika da shi gona ko ki bai wa wanda ke da gayauna. Ki kafa duro ko randa a ƙarƙashin indararo, ki bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube, sannan ki tara, ki rufe saboda sauro da yara, wanda za a sha kuma a tafasa shi. In ana gyaran gida, ki roƙi maigida a bar wani gefe ba siminti, a dasa zogale ko lemo ya riƙa shan abin da ya zuba. Ki leƙa ki ga inda bututun gidanku yake zubarwa, in a gindin katangar maƙwabta ne, a gyara tun ba a kai ga mai unguwa ba. In ƙungiyarku za ta karɓi aron fili, ku sa a rubuta shekara nawa ne, a gaban shaidu. Uwa uba kuma, maganar da kike gaya wa maigida da dare tana da nauyi. Wata ke zuga miji ya ƙara wa ganuwa tsawo, wata kuma ke tuna masa cewa wanda ke ƙasa ɗan'uwansa ne ciki ɗaya.

Abin da na gaya wa ɗalibar nan tawa ke nan: maigidanki yana da haƙƙin ya shayar da gonarsa tukuna, ƙanensa ba shi da ikon hana shi. Amma ya wuce iyaka da ya toshe hanyar gaba ɗaya, kuma ɓarnar da ganuwarsa ta jawo sai ya nemi yafiya, ya kuma taimaka a gyara. Na ce su kai maganar gaban limaminsu da dattawan da suka san gonar, domin su ne za su ga wurin da idonsu. Bayan wata biyu ta dawo mini da labari. Ita da facalarta ne suka fara haɗuwa a ɗakin surukarsu, tsohuwar ta kira 'ya'yanta. An amince a rushe abin da ya rage na ganuwar, a jera duwatsu a wurin, a tona tassa a gonar tudu, a kuma yi gayya a cike kwazazzabon. Ta ce zukata ba su gama sanyi ba, amma ranar Juma'ar da ta wuce an ga wa da ƙani sun yi musabaha a ƙofar masallaci, yara kuma sun koma cin tuwo a kwano ɗaya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya hore mana tanadi, Ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, na sama da na ƙasa. Kuskuren da ke cikin wannan rubutu daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.